A tuna da mutanen gungu kafin wata annobar ta zo

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Ina roƙon ɗan fili a jaridar nan taku in yi magana kan wasu bayin Allah da ba a cika jin muryarsu ba ko a rediyo ko a jarida, wato mutanen da ke zaune cikin tsibiran kogin Isa, wato kogin Kwara, tun daga Ayoru har Gaya, da na tafkin Cadi can jihar Difa. Ni ɗan kasuwa ne a nan Yamai, kifi nake saye ina sayarwa, ɗanye da banda, rabin abokan hulɗata mutanen gungu ne, wato mazauna tsibiri, har surukai gare ni a cikinsu, saboda haka abin da zan faɗa ba a Facebook na tsinto shi ba. Maganata ita ce dokokin rufe iyaka da killace mutane da aka yi lokacin korona an rubuta su kamar duk ɗan Nijar a tudu yake kwana, kuma ina son a gyara wanga abu tun yanzu da hankali ke kwance.

Kowa dai ya tuna yadda abin ya faro. Ran 17 ga Maris 2020 shugaban ƙasa na lokacin, Isufu Mahamadu, ya yi jawabi ya ce za a rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram da duk iyakokin ƙasa daga ran 19 ga wata, kuma a ran 19 ɗin aka samu mutum na farko da ke ɗauke da cutar a Yamai. Aka rufe lakwal, aka rufe masallatai, aka hana taron da ya wuce mutum 50. Ƙarshen watan aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a Yamai, aka kuma killace birnin baki ɗaya, ba shiga ba fita, har tsakiyar watan Mayu, azumi ma cikin haka ya same mu. Wanda ya sauko daga waje kwana 14 zai yi a killace. An buɗe filin jirgi ran 1 ga Agusta 2020, amma iyakokin ƙasa sai ran 17 ga Yuni 2021, wata 15 kenan mai kuɗin jirgin sama ya daɗe da komawa harkarsa talaka na bakin iyaka yana jira.

To a cikin dokar an ce kaya su wuce, mutane ne aka tsaida. A takarda abin ya yi daidai, kamiyo ya taho daga Kwatano da shinkafa, direba da yaron mota su nuna takarda su wuce. Amma Malam Edita kayan mutumin gungu ba a kamiyo suke ba, a kansa suke ko a cikin jirginsa. Matar da ke kawo mini kifi tun kafin korona, mijinta ne ke zuba taru da mamari da dare, asuba ta fari ta kwashe abin da Allah ya ba su, karfasa da tarwaɗa wani lokaci giwan ruwa guda, ta zuba a babban baho ta rufe da jiƙaƙƙen buhu da 'yar ƙanƙarar da ta saya jiya in ta samu, yaronta ya tuƙa ta zuwa gaɓa ta hau mota. Ran da aka killace Yamai sai aka ce mata a shinge kifi zai iya shiga ita ce ba za ta shiga ba, to wa zai ɗauki bahon? Ga zafin watan Afrilu wanda kowa ya san shi, kafin azahar idon kifi ya yi fari, ƙanƙara ta zama ruwa, ta koma gida da shi ta yi banda ala tilas, itacen bandar ma saye ake, kuma banda sai ta taru kafin ta yi kuɗi. Abin da take sayo wa gida da kuɗin ranar, gero da gishiri da sabulu da maganin zazzaɓin yara, duk ya tsaya. A cikin gungu babu kanti, babu farmasi, kasuwa tana ƙetare. Gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da na kuran na watan Afrilu da Mayu, mu na birni mun gode mun ji daɗi, amma wanda bai da kwantar ruwa bai da kwantar kuran, ruwan kogi yake sha da tocila yake kwana, wanne sauƙi ya kai gare shi?

Kuma ba mutane kaɗan ba ne. Kogin Isa yana tafiyar kusan kilomita 550 cikin ƙasar ga, ga Ayoru Gungu, ga komin ɗin Sinder a Tilaberi wadda galibin garuruwanta cikin ruwa suke, ga Neni Gungu a nan cikin Yamai wanda daga gaɓa kana hango shi, ga na wajen Gaya. Tsakaninmu da Benin kaɗai tsibirai 25 ne kotun duniya ta La Haye ta raba a hukuncinta na ran 12 ga Yuli 2005, Nijar ta samu 16 har da Lete wanda shi ne babba, Benin ta samu 9. Mun yi murna lokacin, mun ce ƙasarmu ce. To in ƙasarmu ce ai mutanen cikinta ma namu ne, ba sai ranar shari'a ba. Mutumin da ke zaune nan, gaɓar hagu Nijar gaɓar dama Benin, ƙanwarsa na aure Karimama, gishirinsa daga Malanbil yake zuwa, shanunsa na kiwo duk inda ciyawa ta fito, in ka ce masa an rufe iyaka sai ka gaya masa ta wane gefen zai ci abinci. Sannan an yi rufewar ce daidai lokacin da ruwa ke janyewa, daga Afrilu zuwa Yuni kogin yana raguwa ƙwarai har akwai wuraren da shanu ke ƙetarewa da ƙafa, yaro ma ya bi su. An rufe gada an sa masu tsaro, ruwa kuwa ko'ina hanya ne. Kowa ya sake ganin haka da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 saboda siyasa, jirage suka maye gurbin gada, kuɗin fito ya hau, mutane ba su daina ƙetarewa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar 'yan bida masu dawowa gida. Watan Maris zuwa Mayu lokacin ne samari ke komowa daga Kwatano da Lome da Legas da Abijan don su riski damina, mutanen Tawa sun fi kowa sanin wanga. Da aiki ya tsaya can, kuɗin haya ya ƙare, dole su taho. A gada an ce ba wucewa, in ma an bar ka za a tsare ka kwana 14, su kuma labarin da ke yawo a WhatsApp shi ne wanda aka kai wurin killacewa ba ya fitowa. Sai suka bi ruwa da dare. Wani yaro ɗan gidan surukaina haka ya sauka gungu wajen ƙarfe biyun dare, mai jirgi ya kashe inji tun daga nesa ya ƙarasa da filafili don kar a ji, yaron ya shiga ɗakin tsohuwarsa mai tarin fuka ya kwana kan tabarma guda da ƙannensa, da safe gari ya taru ana yi masa barka da zuwa ana musabaha ana shan fura a ƙwarya ɗaya. Allah ya tsare bai zo da komai ba. Amma da ya zo da ita fa? Babu wanda ya auna zafin jikinsa, babu wanda ya rubuta sunansa, gungun kuwa ba shi da majo ba shi da ko kaz ta lafiya, CSI mafi kusa, wato ƙaramar likita, sai an yi tafiyar ruwa sannan a nemi kabu-kabu. Dokar da aka yi don kare mutane ita ta tura yaron ya shigo ta inda ba wanda zai duba shi. Ni ban ga laifinsa ba wallahi, ɗa ne ya dawo gidan ubansa.

Kar a fahimce ni a baibai, ni ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce ko cutar masu kuɗi ce. Ta kashe mutane a nan, har ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar ta ɗauka a watan Mayun 2020, Allah ya jiƙan duk waɗanda suka riga mu. Kuma na yarda da killacewa, a gaskiya ma tsibiri shi ne wurin da killacewa ta fi yin aiki in an yi ta da wuri kuma da shiri. Akwai labarin da ya kamata duk mai rubuta irin waɗannan dokoki ya sani. A 1918 lokacin babbar murar da ta game duniya, wani jirgin ruwa mai suna Talune ya taso daga Niyu Zilan ya sauka Apiya a tsibirin Samowa ta yamma ran 7 ga Nuwamba da marasa lafiya a ciki, Turawan Niyu Zilan da ke mulkin wurin suka bar fasinja suka sauka suka watsu cikin gari. Cikin 'yan makonni mutum wajen 8,500 suka mutu, sama da kashi ɗaya cikin biyar na duk mutanen ƙasar. Maƙwabtansu na Samowar da ke hannun Amurka, jinsi ɗaya yare ɗaya, gwamnansu John Martin Poyer ya tsaida jirage, sarakunan gargajiya suka ba shi hannu mutanensu suka riƙa gadin gaɓa da kansu, ko mutum ɗaya bai mutu ba. Sai a 2002 firaministar Niyu Zilan Helen Clark ta je Apiya ta nemi gafara kan abin da ya faru. Abin lura a nan shi ne masu gari ne suka tsare gaɓarsu don sun gane amfanin abin, an yi shawara da su. Da soja aka jibge musu daga nesa ba tare da su ba, da wani ya saukar da ɗan'uwansa ta bayan gari da dare kamar yadda aka yi a namu.

A lokacin korona ma ƙananan tsibiran tekun Fasifik sun rufe kusan shekara 2. Amma rufewa ba ta hana cuta har abada, lokaci kawai take saya maka. Kiribati ta bar jirgi guda ya shigo daga Fiji a Janairun 2022 da 'yan ƙasarta 54 da suka maƙale a waje, duk da an yi musu allura an gwada su an killace su kafin su taso, 36 daga cikinsu aka samu da cutar da suka sauka. Tonga kuwa dutse mai aman wuta ne ya fashe musu ran 15 ga Janairu 2022, dole suka karɓi agaji, suka ce a sauke kaya a tasha ba tare da haɗuwa da kowa ba, kayan su yi awa 72 kafin a taɓa, duk da haka farkon Fabrairu ma'aikatan tashar jirgi 2 suka kamu cutar ta shiga. Sai dai ta tarar da mafi yawan manyansu sun riga sun yi allura, a ƙasa mai mutum wajen 100,000 waɗanda suka rasu ba su kai 20 ba. Sun yi amfani da lokacin da suka saya. Mu kuma allurar korona ta farko, ta kamfanin Sinopharm na ƙasar Sin, guda 400,000 ta sauka Yamai a Maris 2021, aka fara yi ƙarshen watan, to a wata 12 da suka gabata kafin nan me aka ajiye wa mutanen cikin ruwa? Kuma kusa da mu nan, Kap Ber da ke cikin teku gaban Dakar, sun killace tsibirin Boa Vista tun daga mutum na farko a Maris 2020, wani Bature ɗan yawon buɗe ido, amma da yake wajen kashi ɗaya cikin huɗu na arzikinsu daga baƙi yake zuwa, tattalin arzikinsu ya faɗi da sama da kashi 14 cikin 100 a shekarar. Rufe tsibiri yana da tsada, dole wani ya biya, in hukuma ba ta ɗauki nata kaso ba to matar nan mai baho ce ke biya duka.

Niyu Zilan da ake ta yabo, wadda ta rufe iyakarta rana ɗaya da mu, 19 ga Maris 2020, ta kama otel-otel tana ajiye masu dawowa kwana 14, amma da ɗakuna suka yi kaɗan sai aka koma ƙuri'a a intanet, ɗan ƙasa yana waje uwarsa na jinya ba shi da damar shigowa, har kotu a Afrilun 2022 ta ce an tauye wa wasu haƙƙinsu. Ko masu kuɗi kenan sun gane ba a rufe wa ɗan gida ƙofa, sai dai a shirya masa inda zai zauna kafin ya shiga cikin mutane.

Mu a nan mun taɓa ganin abin da ke faruwa in aka yanke hukunci kan mutanen tsibiri cikin gaggawa. Bayan harin da Boko Haram ta kai tsibirin Karamga a Afrilun 2015 an ba mazauna tsibiran tafkin Cadi 'yan kwanaki su fice, mutum wajen 25,000 suka kwararo Ngigmi da Boso, da yawa a ƙasa cikin rana ba guzuri, aka kuma hana kamun kifi da cinikinsa shekaru. Wancan maganar tsaro ce, na sani, kuma ba ita na zo tonowa ba. Amma tunanin iri ɗaya ne, a ba da umurni yau, maganar abinci da ruwa ta biyo baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da nake roƙon ofishin ministan kiwon lafiya da gwamnonin Tilaberi da Doso da Difa da Yamai shi ne a zauna yanzu da magadan gari da hakimai da sarakunan ruwa a rubuta dokar annoba ta mutanen gungu daban. Kowane tsibiri a san kwata guda da za a riƙa sauka da tashi in cuta ta ɓarke, a bar ta a buɗe da rana, a ajiye ruwa da sabulu da na'urar auna zafi da littafi, mutumin garin da aka koya wa aikin ya zauna wurin, don shi ya san wane ne ɗan gida wane ne baƙo, ya san muryar injin kowane jirgi. Masu jirgin fito a yi musu rajista a ba su bavet, wato takunkumin rufe baki da hanci, a mai da su abokan aiki, in ka mai da su masu laifi su ne za su yi ta fiton dare kuma su ninka kuɗi. Wanda ya dawo daga bida a yi masa rumfa a gefen gari ko a aji guda na lakwal tunda a lokacin a rufe take, ya yi kwanakinsa nan, tuwo ya zo masa daga gidansu a ajiye daga nesa, uwarsa tana ganinsa yana ganinta. Wallahi da haka aka yi ba wanda zai ɓuya, abin da mutane ke tsoro shi ne a ɗauke su a kai wani wuri da ba su san kowa ba. Masu kawo kifi da madara da kayan lambu a ba su lasefase, takardar izinin wucewa, kyauta daga hannun maigari, kyauta na ce, don duk takardar da aka sa wa kuɗi ta zama abin ciniki a shinge, ko kuma a ware wuri a bakin gaɓa inda mu 'yan kasuwa za mu tsaya nan su tsaya can a yi ciniki a sauke kaya kowa ya juya. Mu a shirye muke, mu ma mun yi asara.

Sai babbar magana, abinci da jinya. Kafin a ce an rufe, buhunan gero da shinkafa na rumbun gwamnati su riga sanarwa isa gungu, ko da a farashi mai rahusa ne kamar yadda ake yi lokacin ƙarancin abinci. Kuma kowane rukunin tsibirai ya samu jirgi mai inji da esans a ajiye wanda ba ruwansa da dokar hana fita, don naƙuda ba ta san ƙarfe 7 ta yi ba, saran maciji ma haka, zazzaɓin cizon sauro kuwa a bakin ruwa ya fi korona kisa nesa ba kusa ba. Duk ƙasar ga waɗanda aka tabbatar sun kamu da korona ba su kai 10,000 ba, waɗanda suka rasu 300 da 'yan kai, amma kwalarar 2021 kaɗai ta kama sama da mutum 5,000 ta kashe fiye da 150 cikin 'yan watanni, ita kuwa ruwa take bi, wa ya fi mutumin gungu zama cikin hatsarinta? Ga ambaliya kuma, a Satumban 2020 muna cikin korona kogi ya kai santimita 700 a Yamai, abin da ba a taɓa aunawa ba, ya fasa dig, ganuwar da ke tare ruwa, ya shiga Lamorde da wasu unguwannin Harobanda, na cikin tsibirai su aka fara ci, aka tara mutane a azuzuwa da tantuna ana kuma ce musu su ba da tazara. Shirin da za a yi don annoba shi ne zai yi aiki ranar ambaliya, jirgin nan guda da buhunan nan da littafin nan na kwata.

Daga ƙarshe Malam Edita ina roƙonka ka tura wakilinka ya shiga jirgi ya kwana biyu a ɗaya daga cikin gungunan nan, Neni Gungu ma ta isa in tafiya ta yi nisa, ya tambayi mata da masunta da masu fito yadda suka yi a watannin nan na rufewa da abin da suke so a rubuta a doka, ku buga da bakinsu. In yana bukatar mai jirgi amintacce ya neme ni ta ofishinku zan haɗa shi da shi.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku mai karatu kullum,
wani ɗan kasuwar kifi, Yamai